Jinkar da Maigidana Ya Ce Zai Ɗauka Shi Kaɗai

Kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da ko kaciya ba a yi mashi ba ya ji wannan magana a bakin kakarsa. Amma a duk faɗin ƙasar Katsina mutum ɗaya na sani da ya ce bari ya gwada ya gani da idonsa, kuma Allah cikin ikonsa shi aka ba ni.

A Kusada muke, lokacin Turawa suna nan, En'e, hukumar sarki, ke juya ƙasa. Ni 'yar Kaikai ce, aka kawo ni gidan gandu, babban gida mai sassa. Uban miji ya daɗe da rasuwa. Wan mijina, wanda kowa ke ce wa Yaya har da ni, shi ke riƙe da gida da gona, uwarsu Inna kuma tana tsakiya tana rabon faɗa. Mijina Malam nake ce mashi, ko da yake karatun nasa bai wuce na salla ba. Mutum ne mai hannu, wannan ko maƙiyinsa ya ba shi. In ya kalli abu sau ɗaya sai ya dawo gida ya kwaikwaya. Abin da ya rage kawai, bai taɓa tsayawa ya kalli abu sau biyu ba.

Wani rani ya tafi Kankia aikin lebura wurin masu haƙa rijiyar siminti. Ya dawo da zarto da guduma, da ƙusoshi cikin gwangwani, da guntayen katako da wani kafinta ya bar mashi, da kai cike fal da abubuwan da ya gano. Daga ranar ba mu ƙara cin tuwo cikin kwanciyar hankali ba. Ka ɗaure akuya, ya ce a Kankia ba haka ake ɗaurewa ba. Ka ja guga, ya ce a Kankia inji ke ja. Kankia fa, da in ka yi sammako ka isa kafin rana ta take, amma yadda yake faɗinta sai ka rantse hajji ya je.

Da ni ya fara. Ya ƙera mani kujera ta katako mai jingina, wai irin ta matar Bature. Ƙafa uku na taɓa ƙasa, ta huɗun sai ta ga dama. Na zauna a kanta gaban murhu ina tuƙin tuwo ina rangaji, matan gida suna dariya har da hawaye, ni kuwa na ce masu daɗi ne ya yi mani yawa. Mijina ne ya yi, ba zan bari a gani a fuskata ba.

Da ya tsaya kan kujera da an zauna lafiya. Sai idonsa ya faɗa kan zaure.

Zauren gidan nan tun na kakansu ba shi da ƙyaure. Baƙo ko falke ko mai tallar gishiri, duk wanda ya gaji sai ya shiga ya shimfiɗa buzunsa, a miƙo mashi fura. Gidan yana alfahari da haka. Malam ya ce gidan mutunci a Kankia duk da ƙyaure. Yaya ya ce a'a, ya ce sau ɗaya, don shi ba ya maimaita magana. Malam ya bari har Yaya ya tafi gaisuwar mutuwa Tafashiya, ya haɗa katakonsa, ya buɗe garewanin kananzir ya lulluɓe, ya yi maratayi da fatar sa, ya kafa. Kuma wallahi ya yi kyau, yana buɗewa yana rufewa ba ko ƙara.

Yaya ya dawo da yamma tare da dattawan da suka je gaisuwar, ya iske ƙofar gidan ubansa a rufe. Ya tsaya. Mutumin da aka haifa cikin gidan nan, ga shi yana ƙwanƙwasa kwano gaban mutane kamar mai neman masauki. Da aka buɗe sai ya tuɓe riga, ya kama ƙyauren ya fizge shi da hannu, ya ratsa tsakar gida da shi a ka, ya jingina shi a bakin akurkin kaji.

Sannan ya juyo ya ce wa Malam, "Kai da ke kwana cikin inuwata, kai za ka rufe mani ƙofar ubana? In ba don gidan nan ba, ko akurki ba ka iya rufa wa kanka."

Ina bakin ɗakina da ɗiyata a baya, na ga kunnuwan Malam suna rawa. Na ce a raina, shi ke nan, an taɓo. Ya ce, "Haka ka ce, Yaya? To zan gina nawa, in rufe shi, hannun kowa bai taɓa ba. Kuma wallahi bakina ba zai ƙara kiranka ba, ko gobara ce ta kama ni."

Inna ta yi salati, ta ce ya mayar da wallahinsa. Ina! Bakin alƙalami ya bushe. Washegari muka kwashe kaya a kan jakinsa, ni da 'ya'ya biyu ƙanana, muka koma gayaunarsa a bakin gari, ɗan filin da yake nomawa don kansa. Babu komai a wurin sai wata ƙatuwar tsamiya. Ya kafa mana rumfar zana, ya ce kwana kaɗan ne.

Labari ya kai Kaikai, kamar yadda labari ke kaiwa ko ba a aike shi ba. Baba, mahaifina, ya zo da kansa. Ya zauna a kan tabarma, ya dubi rumfa, ya dubi tukwanena a fili, ya dubi jikokinsa da ƙasa har cikin kunne. Bai yi wa surukinsa magana ba sai gaisuwa. Da zai tafi na raka shi, ya tsaya ya ce, "Ɗiyata, gida mai rufi na kai ki. In ruwan fari ya same ki a fili, ki ɗaure kayanki, zan turo a ɗauke ki. Ban ba da ɗiya don a shanya ta ba."

Baba ba ya wasa da magana. Na dawo rumfa. Bari in faɗa a fili tunda yanzu ba wanda zan ji wa kunya: ba na son tafiya. Ina son mutumin nan, da taurin kansa da kujerarsa mai rangaji. Na gaya mashi abin da Baba ya ce, ina tsammanin zai girgiza. Ya ce, "Ruwa? Ke dai zuba ido."

Na zuba, har ya kusa tsiyayewa.

Ya kafa turke daidai ƙarƙashin wani babban reshe na tsamiyar, ya ɗaura igiya ya zagaya, ya zana da'irar ɗaki. Masu wucewa suka ce wa ke gini gindin tsamiya in ba mai neman maƙwabtaka da iskoki ba? Ni kuma abin da ya dame ni girman da'irar. Ɗakin Inna da na matar Yaya in an haɗa ba su kai shi ba. Na ce, "Malam, masallaci za mu gina?" Ya ce in Yaya ya gani zai san akurki.

Shi ya haƙa ƙasa, shi ya cuɗa da tattakar ciyawa, shi ya taka kwaɓi har ƙafafunsa suka tsage. Ni ce mai ruwa. A bazara, sa'ad da rijiya ke ba da ruwa da ƙyar, nake jeka-ka-dawo da tulu, domin ashe rantsuwar ta haɗa da ni, ko maƙwabciya ba a yarda ta kama mani ba. Hannun kowa bai taɓa ba, in ji shi. Nawa hannun ba a lissafa shi cikin na kowa. Gashin tsakiyar kaina tun lokacin ya tafi, bai dawo ba.

Amma bango ya tashi, kuma ya tashi da kyau. Sumul, ba tudu ba kwari. Ya yi mani alkuki na ajiye fitila, ya yi gadon ƙasa da wurin hura wuta a ƙarƙashi, ya huda taga ya sa mata ɗan murfin katako. Mata suka riƙa ratsowa ta wurin da sunan neman itace don su leƙa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai bangon ƙasa in ba rufi, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya ishe shi ya koma inda ya fito.

Ga yadda ake jinka a wurinmu, don 'yan yanzu da suka tashi cikin kwano. A ƙasa ake ɗaura ta, gefen ɗakin. A haɗa tsaiko, wato ƙashin jinkar, da kara ko siraran sanduna, a bi da tanka zagaye-zagaye, a baibaye da yantacciyar ciyawar shuci. In an gama sai mai ɗaki ya leƙa waje ya kira maza. Su zagaye ta, su sa kafaɗa, a yi bisimilla a ɗaga, a tura da gwafa har ta hau bango, mata su yi guɗa, a sha fura a watse. Kafin tukunya ta tafasa an gama. Ba a biyan kowa, kira kawai ake yi. To amma a unguwarmu ba mai zuwa ɗaukar jinkar ƙane wa bai sani ba. Duk wanda Malam ya kira, abin da zai fara cewa shi ne, ina Yayanka? Kiran mutum ɗaya kiran Yaya ne, kuma Malam ya san haka sarai.

Shi da ya san shi kaɗai zai ɗauka, sai ka ce zai yi ta da sauƙi. Oho! Kara na matsiyata ne, in ji shi. Ya shiga daji ya saro sandunan marke masu kauri kamar damtse. Inda mutane ke ɗauri da igiyar rama, shi ya ɗaure kuma ya bi da ƙusa. Shuci ya yi mata ninki biyu. Ya ce jinka ce wadda jikokinmu za su gada. Da ya gama ta zauna a fili kamar wani tsauni, kaji suka fara neman hanyar shiga.

Na zagaya ta, na sa hannu biyu na gwada gefe ɗaya, ko gezau. Na ce, "Malam, wa zai ɗauka?"

Ya ce, "Inji."

A wurin haƙar rijiya ya ga wani ƙarfe mai juyawa da igiya ke bi ta kansa, mutum biyu su jawo guga cike da ƙasa wadda mutum biyar ba su ɗagawa. Shi ne ya sassaƙa nasa da icen ƙirya, ya fafe mashi hanyar igiya, ya rataye shi a reshen tsamiyar nan. Ashe tun ranar da ya kafa turke da wannan dabarar ya kwana. Za a ɗaura igiya a ƙoƙuwar jinka, a bi da ita ta kan inji, jaki ya ja, jinka ta tashi sama, shi kuma ya tura ta da gwafa har saitin bango, a sassauta ta zauna. Da yake faɗi har na kusa yarda. Na tambaye shi ko a Kankia ya ga an ɗaga jinka haka. Ya ce su ma ba su kai ga gano wannan ba tukuna.

Ya zauna tukar igiya mai kauri, kwana da kwanaki, sama kuwa ta fara canza fuska. Zafi ya yi zafi, gabas na yin baƙi da yamma ta washe. Manoma sun gama sharar gona suna jira. Dattawa in sun wuce sai su ce, "Sannu da aiki. In an gama a yi magana." Malam ya ce, "An gode," ya ci gaba da tuka. Yaya ma kullum sai ya bi ta gefen filinmu zuwa gona, alhali ba hanyarsa ba ce. Ba ya sallama, ba ya juyowa, amma tafiyar tasa tana raguwa daidai jinka.

Inna ta zo da sandarta, ta zauna, ta sha ruwa. Ta ce, "Ɗan nan, kalma ɗaya ce fa. Ka ce Yaya, shi ke nan. Kaffara ni zan yi maka tuwon ta."

Ya ce, "Inna, ki yi mani addu'a dai."

Ta ce, "Ina yi. Ina roƙon Allah ya sassauta maka kai, tun kana ciki da shi ka fara ba ni wahala." Ta juyo gare ni ta ce in yi haƙuri, ubansu ma haka yake. Na ce a raina, ai da an faɗa mani tun a Kaikai.

Ran da zai ɗaga, ya zaɓi bayan azahar, lokacin da rana ta kori kowa zuwa inuwa, don kada a taru a yi kallo. Yana so gari ya farka daga ƙailula ya ga ɗaki da hula. Gabas ta riga ta haɗe, ba irin na kullum ba, baƙi ƙirin har ƙasa, iska ta tsaya cik. Duk wanda ya girma a ƙauye ya san wannan hadarin ba na wasa ba ne. Kayana na riga na ƙulle su cikin zane tun safe ban gaya mashi ba, na tura ƙarƙashin rumfa.

Ya hau tsamiya ya zura igiya, ya sauko ya ɗaura wa jaki a ƙirji, ya miƙo mani ragama. Na ajiye yara nesa. Ya ce in ya ce ja, in ja, in ya ce tsaya, in tsaya. Na ce to, Allah ya sa jakin ma ya ji.

Abin mamaki, ta tashi! Jaki ya tako, igiya ta miƙe, inji ya yi ƙara kamar ana yanka shi, sai ga gefen jinka ya rabu da ƙasa. Ta ɗaga har gwiwa, har ƙugu, ta karkata tana lilo. Malam ya yi wata dariya da ban taɓa ji ba. Ya ce, "Kin gani? Kin gani? Ja!" Ya sunkuya ya shige ƙarƙashinta da gwafa don ya daidaita ta. Ni kaina a wannan lokaci na fara shirya abin da zan gaya wa matar Yaya.

Sai aka yi tsawa.

Jaki ya tuna shi jaki ne, ba lebura ba. Ya noƙe, ya ja da baya da ƙarfinsa duka, ya fizge ragama har na faɗi zaune. Igiya ta saki. Na ji tim, ƙasa ta girgiza. Da na ɗago, jinka na zaune daram a inda take tun farko, kamar ba abin da ya faru. Malam babu shi. Abin da ya rage a waje ƙafarsa ɗaya ce, daga ƙwauri zuwa ƙasa, bakin jinka ya danne ta.

Na rarrafa na isa. "Malam! Malam, kana da rai?"

Sai murya ta fito daga cikin shuci, can ƙasa-ƙasa. "Ina jakin?"

"Jakin lafiyarsa lau, yana cin ciyawa. Kai nake tambaya!"

"Ki mayar da shi ya ja."

Na duba sama, igiya ta zame daga inji ta cushe a gefe, ba mai ciro ta sai an hau. Na gaya mashi. Na sa kafaɗa na yunƙura har na ga taurari, jinkar jikoki ko motsi. Ƙafar nan kuwa ta juya wani iri, ta fara kumbura, yatsun suna rawa. Na ce, "Malam, zan kira mutane."

"Kar ki kira."

"Ƙafarka ta karye!"

"Na sani, ai tawa ce. Kar ki kira. Bari in yi tunani."

Jama'a, ku ji fa. Ga ni durƙushe ina jayayya da tafin ƙafa, iska ta taso tana kwasar zanan rumfa, yara na kuka, shi yana ciki kamar ɗan tsako a ƙarƙashin kwando yana tunani. Na ce, "Kai ka rantse, ni ban rantse ba. Bakinka ka ce, ba nawa ba." Na miƙe na ɗora hannu a ka na kwarara kururuwa, irin wadda ake yi wa gobara.

Ban rufe baki ba na hango Yaya. Ashe yana bayan dangar maƙwabta tun ɗazu, wai duba shuka yake a gonar da ba a shuka ba. Ya taho da gudu, ba hula ba takalmi, babban mutum mai furfura a gemu. Da ya ga ƙafa a waje ya zube ƙasa ya rungume ta, yana kiran Malam da sunan da Inna ke kiransa yana jariri, yana cewa, "Ka yi magana! Don Allah ka yi magana!" Malam da yanzun nan yake ba ni umarni ya yi tsit. Rantsuwa ce, ba zai amsa ba. Sai da na ce, ina kallon tsamiya don ba na yi wa Yaya magana ido da ido, "Da ransa, yanzu ya gama faɗa."

Maza suka cika fili, wasu da sanduna wasu da tulunan kashe wuta. Yaya ya ce a kama. Suka zagaye, suka sa kafaɗa, aka yi bisimilla. Ƙarti majiya ƙarfi, amma sai da jijiyoyin wuyansu suka fito, wani yana cewa wannan jinka ce ko dutse? Ta tashi. Mutum biyu suka janye Malam waje, fuska duk ƙasa, ya rufe ido kamar mai barci.

To ga jinka a kafaɗun mutane, ga iska na neman ƙwace ta, ga bango taku kaɗan. Ba wanda ya kira su ɗaukar jinka, ceto suka zo. Wani tsoho cikinsu ya ce, yana nishi, "Mu mayar ƙasa?"

Yaya ya ce, "Ku tambayi mai ita."

Mai ita yana kwance ya ƙi buɗe ido. Ɗigon farko ya faɗo mani a hannu, mai nauyi, mai sanyi. Na tuna ƙullin kayana. Ni da ban taɓa ɗaga murya gaban mazan gidan nan ba, na ja mayafi na fuskanci jaki na ce da ƙarfi, "Ni dai a garinmu bisa bango ake ajiye jinka."

Wani ya tuntsire da dariya har gefensa ya sunkuya. Yaya ya ce, "Kun ji. Mu je." Aka yanke igiyar inji, aka kawo gwafanni, aka taka, aka tura, aka yi kabbara, ta hau. Ta zauna a kan bangon nan cif, ko yatsa ba ya shiga tsakani, domin wannan karon awon Malam bai yi kuskure ba. Na rangaɗa guɗa ina kuka. A duk mazan unguwar da suka kai ɗaukar kaya, hannu ɗaya ne bai taɓa jinkar nan ba sa'ad da ta hau, shi ne hannun mai ita.

Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Aka tura mutum kiran maɗori, sauran kowa ya ruga gida, fura ma ba a sha ba. Na kwashi yara da ƙullin kayana na faɗa ɗaki. Yaya ya goyo Malam a baya, ya sunkuyo ta ƙofa ya kwantar da shi kan tabarma daga ciki, sannan ya ja da baya ya fita. Wa ba ya shiga ɗakin matar ƙanensa haka kawai, balle wanda aka rantse ba za a kira ba. Kuma bai tafi ba. Ya tsaya nan waje cikin ruwa, muna ganin ƙafafunsa ta ƙofa, ruwa na gudu ta kansu.

Malam ya buɗe ido. Ya kalli cikin jinkarsa, ya kalli ƙafafun nan. Ni da bakina bai huta ba tun ranar da muka bar gida, na kama shi na riƙe. Ruwa na dukan shuci, iska na watsa shi, mutumin nan yana tsaye.

Can na ji Malam ya ce, a hankali, "Yaya."

Ruwa ya cinye maganar. Ya jira, ƙafafu ba su motsa ba. Ya yunƙura kan gwiwar hannu, ya cije, ya ɗaga murya yadda ko a Kankia sai an ji. "Yaya! Shigo daga ruwa!"

Daga waje aka ce, "Mi ka ce?"

"Ka ji ni sarai!"

Ya shigo a sunkuye, ruwa na zuba daga gemunsa. Na juya fuska bango na rungume yara. Ya zauna bakin ƙofa ya ba ni baya, ya ɗauki karyayyar ƙafar a hankali ya ɗora kan cinyarsa ya tallafe. Ya ɗaga kai ya daɗe yana bin sandunan marke da kallo, ɗaya bayan ɗaya, har ƙoƙuwa.

Ya ce, "Ba ta yoyo."

Malam ya ce, "Ba za ta yi ba."

Na saci kallo, na ga hawaye na bin gefen fuskar Malam suna shiga kunne. Ya ga na gani. Ya ce ƙafar ce. Ni da Yaya muka bar shi a kan ƙafar ce.